Wai ya Amurkawa suke sanin tarihin kakannin kakanninsu mata?

Ɗan Ringim:
Salam jama'a. Ƙanina da yake karatu a Amurka ne ya turo min hoton wata takarda da matar da yake haya a gidanta ta nuna masa, wai tarihin kakar kakarta ce, kuma fa matar aure ce kawai ba sarauniya ba, amma ga shekarar haihuwarta ga garin da suka baro a amalanken shanu ga 'ya'yanta tara har da ukun da suka rasu suna goye. Ni kuwa jiya na tambayi Baba sunan kakarsa ta wajen uwa yayi shiru, can yace shi dai Iya ya taso yaji ana ce mata. To su dan Allah ina suke samo wannan?

Malamin Firamare, Gumel:
Wa alaikumus salam. Ba kai suka fi mu ba malam, takarda ce. Tun 1790 suke ƙidaya duk shekara 10, da farko sunan maigida kawai ake rubutawa a ƙirga sauran, sai a 1850 aka fara sa sunan kowa har mata da yara da shekarunsu da jihar da aka haife su. To ka ga in ɗan fari an haife shi a Ohayo na biyar a Kansas ai ka gane hanyar da gidan suka bi. Sannan a 1862 Shugaba Linkon ya sa hannu a dokar rabon fili, eka 160 ga wanda zai zauna ya noma shekara 5, kuma macen da mijinta ya rasu ko wadda ba ta yi aure ba in ta kai 21 ita ma tana iya karɓa da sunanta, takardun suna nan ajiye. Ga Baibul na gida da suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a shafukansa. Su ma dai ba komai suka tsira da shi ba, yawancin ƙidayar 1890 gobara ta ci a 1921.

Uwar Biyu:
Ni matan ne suka ban tausayi wlh. Hanyar Oregon ɗin nan da masu ƙaura suka riƙa bi zuwa yammacin Amurka wajen mil 2000 ce, wata huɗu zuwa shida ana tafiya, yawanci ma a ƙasa suke takawa gefen amalanke don a sauƙaƙa wa shanu, ga kwalara tana ɗauke mutane a binne a bakin hanya a wuce. Waɗanda suka zauna irin su Nebraska babu itace, ƙasa mai ciyawa suke yankowa kamar tubali su yi ɗaki, girki kuma da busasshen kashin bauna ko na shanu, wanda duk macen ƙauye a nan ta san hayaƙinsa. Amma Ɗan Ringim ka daina tambayar Baba, maza ba sa riƙe wannan. Ka nemi goggonninka. Mu alkunya ce ta ɓoye sunayen, suruka ba ta faɗar sunan uwar miji, jikar da aka yi wa takwara kuma a koma ce mata Ummi ko Hajiyayye. Ka duba wace Ummi ce a gidanku, ƙila sunan Iya yana kanta.

Na Haɗeja:
A dai riƙa faɗa duka. Filin da aka raba ɗin na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake ce wa jajayen Indiyawa, da aka kora. Kuma a ƙidayar 1850 da 1860 bayi ba a rubuta sunansu ba, shekaru da jinsi da launin fata kawai a ƙarƙashin sunan ubangidansu, shi yasa baƙaƙen can da yawa in suna bin tarihinsu baya suka kai 1870 sai bincike ya cije. Su ma fararen mace tana aure take komawa sunan dangin miji, neman gidan ubanta aiki ne.

Ɗan Ringim:
Uwar Biyu Allah ya biya ki. Na je wajen Goggo bayan la'asar na kunna rikodin a waya, ashe Ummin gidanmu ce takwarar. Tace daga wajen Taura aka kawo Iya a kan doki, kuma tana goyon fari jirgin ƙasa ya fara wucewa Nguru, har fantekarta ɗaya tana ƙarƙashin gadon Goggo an zuba daddawa a ciki. Malam, jirgin Nguru wace shekara ce?

Malamin Firamare, Gumel:
Wajen 1930 ne. Ka tambaye ta sunan kishiyoyin ma kafin ta gaji da kai.