Neman kalma: performance art da transgression, kafin shirin Alhamis

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Shirin Alhamis zai taɓo abin da 'yar fasaha Marina Abramović ta yi a birnin Naples na Italiya a 1974. Ta jera kaya 72 a kan tebur, har da fure, zuma, almakashi da bindiga mai harsashi ɗaya, ta tsaya awa 6 ba motsi, 'yan kallo su yi mata abin da suka ga dama. Sun yayyanka mata tufafi, wani ya yanke ta a wuya. Hausar kalmomin Turanci biyu nake nema, performance art, sunan irin wannan aiki, da transgression, gobe da yamma za mu naɗi murya.

Mai fassara: Malama, kada ki sa wasan kwaikwayo. A kwaikwayo jinin jan ruwa ne, a nan kuwa ba wanda ake kwaikwaya. Wani ɗan fasaha Chris Burden a 1971 harsashin gaske ya sa aka harbe shi da shi a hannun hagu. Ki ce fasahar aiki da jiki. Ta biyun kuma keta haddi.

Malamin Hausa: Ta farko ta yi. Ta biyun a'a. Haddi na Allah ne, mai sauraro zai yanke hukunci kafin ya ji labarin, haka ma wuce gona da iri. Ƙetare iyaka ta fi, domin za a iya faɗin wace iyaka: ta kunya, ta doka, ko wadda ke tsakanin mai yi da mai kallo. Wannan ta ƙarshe 'yar fasaha Yoko Ono ta ƙetare a Kyoto a 1964, ta zauna mutane suna tasowa da almakashi suna yankar rigarta.

Dattijo daga Damagaram: Fasaha Larabci ce, ga tsawo, kalma huɗu. Muna da dukanci da wanzanci, me zai hana jikanci? Kuma 'yan tauri sun riga Turawa wasa da wuƙa.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, jikanci kunne zai kai shi ga jika, ɗan ɗa. Ɗan tauri kuma alfaharinsa wuƙa ba ta cin sa. Waɗannan 'yan fasaha kuwa suna bari ta ci su ne, don a ga halin mai riƙe da ita.

Dattijo daga Damagaram: In Bakano ya ƙirƙira an karɓa, in daga Nijar ta fito sai a tuna da jika. Hausa ba a Kano ta ƙare ba.

Malamin Hausa: Baba, ba wanda ya ce haka. Amma in za a kori fasaha, sai a kori littafi da alƙalami, su ma Larabci ne.

Dattijo daga Damagaram: Waɗancan sun tsufa a bakinmu. Jikanci ma in an faɗe ta sau goma za ta zauna.

Mai shirin rediyo: Lokaci ya ƙure. Zan ce fasahar aiki da jiki, in bi ta da jimla ɗaya: ba kwaikwayo ba ne, abin da ya faru ya faru. Ƙetare iyaka na ɗauka. Baba, zan ambaci 'yan tauri, in faɗi bambancin.

Mai fassara: Har yanzu aiki da jiki na iya zama dako ko dambe a kunnen wani. A yi amfani da ita kafin a samu wadda ta fi.

Dattijo daga Damagaram: Ku yi. Ni jikanci zan rubuta.