Musayar Waƙa: Kogin Niben da Daular Cyrodiil

Mai Taswira:
Salamu alaikum. Ga mai son jan ragamar wasa a Cyrodiil, zuciyar daular Tamriel, ƙagaggiyar nahiyar wasannin bidiyo na The Elder Scrolls, ga ƙasar a waƙe. Wanda ya ga gyara ya mayar da baiti.

Ka fara zana tafki a tsakiya,
Rumare ke nan, shi ne cibiya.
Cikinsa tsibiri, birnin sarki a kai,
Farin Zinari sunan hasumiya.
Ka ja Niben daga nan ya gangara kudu,
Bravil na yamma da shi a kan hanya.
Ya ratsa Leyawiin ya faɗa tekun Topal,
ta nan jirage ke shigo da dukiya.
Arewa duwatsun Jerall da Bruma,
sanyin can ba ya jin magiya.
Gabas Valus ta tokare Morrowind,
Cheydinhal a gindinta ke kwanciya.
Yamma Colovia har bakin teku,
Anvil ce tasha, ƙarshen tafiya.

Ɗan Fatake:
Malam, zane ya yi kyau, sai dai
ban ga hanya ko ɗaya a ciki ba.
Jan Zobe ke kewaye tafkin nan,
in ka bar shi, yawancin sauran ba su haɗu ba.
Ta Zinari: Skingrad, Kvatch, sannan Anvil,
haka jerin yake, ba a taɓa juya shi ba.
Baƙa ta yi Chorrol, Shuɗiya Cheydinhal,
ta Azurfa Bruma, hawan bai yi sauƙi ba.
Koriya na bin Niben ta gaɓar yamma,
Rawaya ta gabas, ba ta ratsa birni ba.
Birane 8 ban da na sarki,
kowanne da hakimi, bai kai sarki ba.
Mai jan wasa in ya yi sake da wannan,
sai ayari ya kai Anvil bai ga Skingrad ba.

Yaya Mai Ƙirga:
Ƙannena, kun yi ƙasa, saura shekaru,
nan ne masu jan wasa ke faɗuwa.
Kowane zamani daga 1 yake tashi,
in ba ka ambaci zamanin ba, lissafi na ɓacewa.
Na Ɗaya, 243, Alessia baiwa
ta karya Ayleid, jinsin elf masu mulkin ƙasar, bayi suka sami sakewa.
Hasumiyar nan ma Ayleid ne magina,
mutane gado suka ci, babu wahalar ginawa.
2703 Akaviri, 'yan nahiyar Akavir, suka ƙetaro teku,
a mashigar Pale Pass gaban Reman na Ɗaya suka yi durƙusawa.
2920 aka kashe Reman na Uku,
Na Ɗaya ya rufe, Na Biyu na buɗewa.
Wazirai 'yan Akavir suka riƙe har 430,
daga nan ƙarni huɗu da ɗoriya sai rarrabuwa.
896 Tiber Septim ya haɗe larduna 9,
Zamani na Uku daga nan yake farawa.
433 aka kashe sarki Uriel Septim na Bakwai,
Kvatch ta ƙone, gidan Septim na ƙarewa.

Malam Gardama:
Yaya, "ya haɗe" ɗin nan ta yi gajarta,
ba duka taran aka ci da yaƙi.
Morrowind sulhu ta yi, ta riƙe dokokinta,
ta miƙa Numidium hannun sarki.
Ƙaton tagulla ne mai tafiya da ƙafa,
da shi Summerset ta faɗi cikin sauƙi.
In ka sa hakimin daula yana taka Morrowind
yadda ya ga dama, ka ɓata aiki.
Wani tarkon: tsohon bayani ya ce kurmi ce Cyrodiil,
wasan Oblivion na 2006 ya zo da mamaki.
Tuddai ne da ciyawa da gonakin inabi,
sai kudu can fadama ta yi baƙi.
Ka zaɓi ɗaya tun kafin a zauna,
kada yau kwalekwale, gobe doki.

Mai Taswira:
Na karɓi gyara, Malam, ga tawa hujjar
cewa kogin nan shi ne jijiya.
Zamani na Huɗu, 171, Thalmor masu mulkin Summerset suka taso,
runduna biyu, kowacce da tata hanya.
Ɗaya ta wuce Anvil da Kvatch a gefe,
Hammerfell ta nufa, ba ta ko waiwaya.
Naarifin, jagoran ɗayar, ta Elsweyr ya ɓullo kudu,
Leyawiin ta faɗi, Bravil na cikin ƙawanya.
Wanda ya riƙe bakin Niben ya shaƙe birni,
jirgi ba ya hawa da hatsi ko tufa ɗaya.
174 birnin sarki ya tafi,
sarki Titus Mede na Biyu ya keta arewa, ya bar hasumiya.
175 a Jan Zobe ya ƙwato shi,
amma sojansa sun kai maƙurar gajiya.
Ya sa hannu a hana bautar Talos, wato Tiber Septim,
a yanki kudancin Hammerfell, ita ko ta ƙiya.

Ɗan Fatake:
To mai kafa wasa a 201, shekarar wasan Skyrim,
kar ya zana 9, daular ba ta kai haka ba.
Summerset, Valenwood, Elsweyr na Thalmor,
ɗan aiken sarki bai isa can ba.
Black Marsh ta ɓalle, Hammerfell ta ware,
lardin Skyrim ma tawaye bai bar shi ba.