Kai iyali Legas da Ibadan bayan girbi: abin da aka tsayar

'Yan uwa na ƙauyukan Ringim, ga abin da na tattara daga ra'ayoyinku kan wuraren da za mu kai iyali:

1. Kusan kowa ya ce a fara da gidan tarihi na Onikan a Legas. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana nan. Ni ma ina so yaranmu su gan ta da idonsu.
2. Bakin teku: a je, amma a riƙe hannun yara gam. Teku ba Kogin Hadeja ba ne.
3. Gadar sama ta dajin Lekki, wadda ake bi da ƙafa ta saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, nan aka rabu: matasa na so, iyaye mata sun ce a'a.
4. Ibadan a jirgin ƙasa, a ga namun daji a gidan zu na jami'ar.

Masauki kuwa, Agege, wajen mutanenmu.