Idan Almasihu na dab da dawowa, a yi aure ko a jira?

A wani zaman nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa, tambaya ɗaya ta cinye lokaci: idan ƙarshen zamani ya kusa, me zai sa mutum ya yi aure ko ya gina gida?

Dattawa sun fara da Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba kaɗai. Wani ya tuna da Harold Camping, wani mai wa'azi na Amurka, wanda ya tsayar da 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Wasu mabiyansa suka bar aiki, suka ƙarar da ajiyarsu wajen tallata ranar, gari kuma ya waye kamar kullum. Shawarar ita ce, duk mai wa'azin da ya ba ka kwanan wata, kama gabanka.

Batun aiki bai ja dogon zance ba, tunda Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci.

Aure ne ya ta da ƙura. Wata budurwa ta kawo 1 Korantiyawa 7, inda Bulus ya yaba zama ba aure saboda lokaci ya ƙure. Wata mama daga zumuntar mata ta ce, "'Yata, karanta aya ta 9 ma." A ganina ita ta fi kama bakin zaren: mai iya kame kansa ya zauna, wanda ba zai iya ba ya yi aure, amma saurayi kada ya fake da ƙarshen duniya yana ɓata wa 'yar mutane shekaru. Ma'aurata kuma aka tuna musu Afisawa 4:26, kada su kwana da fushi.