GPS ɗin da hukuma za ta yarda da shi lokacin hazo

Abba: Assalamu alaikum manya. Mu uku muka haɗa kuɗi za mu sayi ƙaramin jirgin sama Cessna 172 mu ajiye a Katsina. Da hunturu hazo kan rufe gari har ba ka hango ƙarshen titin jirgi. Wane GPS za mu sa da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, za ta yarda a tuƙa da na'ura kawai ba tare da ganin waje ba? Ko iPad ya wadatar?

Kyaftin Sada: Wa alaikumus salam. iPad ka ɗora a cinya don duba taswira, amma ba a shiga hazo da shi. Sai wanda aka girka a jikin jirgi, mai shaidar ingancin na'ura ta Amurka, wato TSO-C129 ko C146. Tun 1994 Amurka ta fara amincewa da irinsu.

Injiniya Lawal: Kyaftin ya yi gaskiya, sai dai shaidar akwatin kaɗai ba ta isa ba. Hukuma na duba yadda aka girka shi: ina eriya take, an haɗa shi da allurar da ke gaban matuƙi, akwai ƙarin shafi a littafin jirgin. An taɓa kawo mini jirgi da GPS ɗin Garmin GNS 430 garau, wayoyi tsaf, amma babu wannan shafin, dole ya zauna a ƙasa. Ku nemi wurin gyara mai lasisin NCAA tun kafin ku biya. Ni Garmin GTN 650 zan ba ku shawara, kayan gyaran 430 sun fara wuya.

Abba: Ranka ya daɗe, mai WAAS fa, tsarin nan da ke ƙara wa GPS daidaito?

Kyaftin Sada: WAAS na Arewacin Amurka ne, bai rufe mu ba. An gwada irinsa na Afirka ta tauraron NigComSat-1R, amma kada ku sa ran saukar LPV, wadda ke dogara da irin wannan tsarin, yanzu. Nan RAIM, wato yadda GPS ke tantance siginarsa da kansa, shi ne abin dogaro, taurari 5 yake buƙata ya gane akwai kuskure. Ku duba hasashensa kafin tashi, musamman bayan magariba, lokacin da sigina ke rawa a yankinmu.

Hajiya Binta: Ku sa kuɗin sabunta bayanan GPS ɗin a lissafi, duk kwana 28 ne. Kada kuma ku cire VOR da ILS, na'urorin rediyo na nuna hanya da na sauka, ranar da kuka karkata Kano za ku neme su.

Kyaftin Sada: Abba, kai kana da izinin tuƙi da na'ura a lasisinka?

Abba: Tukuna, Yallabai.

Kyaftin Sada: To ka fara da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Jiragensu DA40 allon Garmin G1000 ne a ciki, hannunka zai saba da Garmin.