Shehu Abdullahi: me ya hana shi isa manyan gasannin Turai?

Ɗan Gawon Nama:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin harkar ƙwallo. Ina da tambaya game da ɗan garinmu, Shehu Abdullahi, wanda aka haifa a nan Sakkwato a 1993, kuma ina neman waɗanda suka bi wasansa tun daga farko su taimaka mini da fahimtarsu. Ga ɗan baya wanda ya ci gasar ƙasa da Kano Pillars, ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, sannan da shi aka fara wasan Najeriya na farko a gasar cin kofin duniya ta 2018 da Kuroshiya. Amma in ka duba ƙungiyoyin da ya yi wa wasa, daga Pillars sai Qadsia ta Kuwait, sai União da Madeira ta Fotugal, sai Anorthosis ta Sayifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya, sai Omonia ta Sayifurus, sai Levski Sofia ta Bulgeriya, ba za ka ga Ingila ko Sifaniya ko Italiya ko Jamus ko Faransa a ciki ba. Shin gazawa ce a wasansa, ko kuwa zaɓin ƙungiyoyin ne bai yi masa daidai ba? Matasa a gidan kallon ƙwallon unguwarmu suna cewa wanda bai taka leda a Firimiyar Ingila ba bai kai ko'ina ba, kuma maganar ba ta kwanta mini ba.

Tsohon Lamba Biyar:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a bi tafiyar tasa daki-daki, domin kowane sauyi da ya yi akwai halin da ƙungiyar take ciki a lokacin, kuma wannan halin ne yake tantance ko za a ga ɗan baya ko ba za a gan shi ba.

Pillars ɗin da ya fito daga cikinta ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Sai Masu Gida sun ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha a wancan zamani ya san baƙo ba ya fita da maki cikin sauƙi. Daga nan aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je Turkiyya a 2013, sannan tawagar 'yan wasan cikin gida da koci marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu a farkon 2014, inda ta ƙare a mataki na uku. Har zuwa nan komai na tafiya yadda ake so.

Inda nake ganin an fara samun tsaiko shi ne tafiyarsa Kuwait. Qadsia babbar ƙungiya ce a ƙasarta, kuma ba na zargin yaro don ya nemi albashin da ya fi na gida, amma masu farautar 'yan wasa na Turai ba su cika zuwa kallon gasar Kuwait ba, kuma shekara ɗaya tana da tsada ga mai shekara 21. Da ya shiga Turai a 2015, sai ya faɗa União da Madeira, ƙungiyar da ta hau rukunin farko na Fotugal a shekarar nan kuma ta sauka a ƙarshen kakar. Ɗan gaba yana iya zura ƙwallo goma a ƙungiyar da ta faɗi a saye shi da daraja, amma ɗan baya yana ɗaukar laifin duk ƙwallon da ta shiga ragarsu ko da ba ta ɓangarensa ta biyo ba. Haka abin ya sake faruwa a Bursaspor. Ya je daga Anorthosis a Janairun 2018, ya tarar da ɗan bayan Najeriya William Troost-Ekong a can, ƙungiya ce da ta taɓa cin gasar Turkiyya a 2010 amma a lokacin bashi ya yi mata katutu. Ekong ya samu ya tsallake zuwa Udinese ta Italiya bayan gasar duniya, Shehu ya zauna, a 2019 kuma Bursaspor ta faɗa rukuni na biyu. A ganina wannan bazarar ta 2018 ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa gare shi, yana da shekara 25, kuma ba ta sake buɗuwa haka ba.

Malamin Mabera:

Yallaɓai Tsohon Lamba Biyar ya yi bayani mai gamsarwa kan ƙungiyoyin, amma ina so in ƙara abin da ya shafi wasan nasa kansa, domin ba zan ɗora komai a kan rashin sa'a ba.

Shehu ɗan wasa ne da ake iya sa shi a lamba biyu, wato ɗan bayan gefen dama, a kuma mayar da shi tsakiya ya tsare gaban 'yan baya. Koci yana son irin wannan ɗan wasa, domin yana toshe masa gurbi biyu da albashin mutum ɗaya, amma kasuwa ba ta cika sonsa ba. Mai saye yana zuwa ne da buƙata guda: ko yana neman lamba biyu mai gudu da zai riƙa hawa yana yanko ƙwallo cikin da'ira, ko yana neman ɗan tsakiya mai raba ƙwallo. A shekarun da Shehu yake ganiyarsa, manyan ƙungiyoyi sun koma auna lamba biyu da abin da yake yi a rabin filin abokan hamayya. Shi kuwa ƙarfinsa yana wajen tsayuwa inda ya dace, da karanta inda ƙwallo za ta faɗa, da rashin garaje wajen kai ƙafa. Ka lura da shi in ɗan gefe ya tunkaro shi: ba ya zubewa ƙasa, sai ya riƙa ja da baya a hankali yana karkatar da jikinsa har ya kora mutum bakin layi inda ba shi da wurin wucewa. Wannan aiki ne mai kyau, sai dai ba ya fitowa a guntayen bidiyon da ake yaɗawa a waya.

Abin da ya faru a gasar duniya ta 2018 a Rasha ya nuna hakan ƙarara. Bayan Kuroshiya ta ci mu 2-0, kocin Najeriya na lokacin, Gernot Rohr, ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku a tsakiya, ya mayar da Victor Moses gefen dama ya riƙa hawa da sauka, aka ci Iceland 2-0 da ƙwallayen Ahmed Musa, Shehu kuma ya koma benci. Wato a dandalin da duniya take kallo, wasa ɗaya aka fara da shi, kuma wasan da aka sha kashi. A gasar Afirka ta 2019 a Masar ma rauni ya fitar da shi tun a wasan farko da Burundi.

Akwai kuma batun takardar izinin aiki a Ingila, wanda matasanmu ba su cika sani ba. A dokar da ta fara aiki a 2015, kafin a sauya ta a farkon 2021, ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba, in ƙasarsa tana tsakanin ta 31 da ta 50 a jadawalin FIFA, sai ya buga kashi 75 cikin ɗari na wasannin gasa na ƙasarsa a shekara biyu kafin a ba shi izini kai tsaye. Wanda yake raba gurbi da wasu a Super Eagles zai sha wuya kafin ya cika wannan sharaɗi.

Ɗan Gawon Nama:

Na gode, Malam. To amma in haka ne, ba za a ce komawarsa Sayifurus a 2020 ja da baya ba ne? Mutum ya bar tsibirin ya tafi Turkiyya, sannan ya dawo inda ya baro.

Mai Shago a Runjin Sambo:

Ɗan'uwa, a nan ne ban yarda da kai ba, kuma ina ganin nan ne ma'aunin 'yan gidan kallo yake kuskure. Shekara biyun da ya yi a Omonia su ne mafi albarka a duk zamansa na waje. A kakar 2020/2021, ƙarƙashin koci Henning Berg, wanda shi ma tsohon ɗan baya ne da ya ci Firimiya da Blackburn da kuma Manchester United, Omonia ta ɗauki kofin gasar Sayifurus, wanda rabonta da shi tun 2010. A wannan kakar ta buga matakin rukuni na gasar Europa tare da PSV da Granada da PAOK. A 2022 kuma ta ci kofin ƙalubale na ƙasar a hannun Neil Lennon. Ku gaya mini 'yan bayan Najeriya nawa ne na zamaninsa suka ɗaga kofin gasa a wata ƙasar Turai? Da yawa daga waɗanda suka je Ingila ɗin a rukuni na biyu suka ƙare, ko ana ta aika su aro daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Kenneth Omeruo ya yi shekaru yana ɗan Chelsea a takarda ba tare da ya buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, sai da ya koma Leganés dungurungum a 2019 sannan ya samu gida. Da zama ɗan kallo a babban gida, gara a fara wasa da kai duk mako a ƙungiyar da take neman kofi.

Kuma komawa Omonia ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga wanda ya taɓa sa rigar Anorthosis, domin ƙungiyoyin biyu tsofaffin abokan hamayya ne. Anorthosis ta garin Famagusta ce, amma tun bayan rikicin 1974 take gudun hijira, yanzu a Larnaca take wasanninta na gida, kuma magoya bayanta ba sa ɗaukar irin wannan sauyin sheƙa da wasa. Zamansa a Levski Sofia bai yi tsawo ba, babu abin da zan ce a kansa.

Tsohon Lamba Biyar:

Mai Shago ya yi gaskiya game da Omonia, ko da yake har yanzu ina nan a kan cewa da ya fita daga Bursa tare da Ekong, da labarin ya bambanta. Abin da nake so a ƙara shi ne dawowarsa Pillars, inda a kakar 2024/2025 suka taka leda tare da Ahmed Musa. 'Yan wasanmu da suka yi shekara goma a waje ba su cika yarda su dawo su hau doguwar motar zuwa Aba ko Uyo ba, kuma yaron da yake tsaron baya kusa da shi yana koyon abin da babu kocin da zai koya masa da baki.

Ni abin da ya fi damuna ya shafe mu ne a nan. Sai da Shehu ya bar Sakkwato sannan ƙasa ta san shi, domin Sokoto United ba ta rukunin farko, kuma mai neman 'yan wasa ba ya zuwa filin Giginya sai da dalili. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23, amma sai an yi wa yaro rajista a hukumance sannan ƙungiyar unguwa za ta iya neman haƙƙinta. Masu riƙe da ƙungiyoyin yara a cikinmu, wa ya taɓa bin hanyar yin wannan rajista ta hukumar ƙwallon jiha, kuma waɗanne takardu aka nema a wurinsa?