Injiniya na son buɗe ajin kwamfuta a Aboabo

Musa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama injiniyancin lantarki a jami'ar KNUST, na yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ina aiki a wani kamfani nan Kumasi. Albashi ba laifi, amma hankalina na kan buɗe ɗan wuri a Aboabo, in riƙa koya wa yaran Zango rubuta manhaja da haɗa ƙananan na'urori. Mahaifiyata ta ce ba ta sayar da waake shekara da shekaru don in ƙare a malamin lesin ba. In ajiye aikin?

Kawu Sule: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka ajiye komai tukuna. Asabar da Lahadi naka ne, fara da su.

Yaya Ramatu: Kawu, da safe yaran suna makaranta gaban malam, sai dai bayan la'asar. Musa, ni na taɓa wannan wutar. A 2015 na kama shago, mai gida ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule, na sayi tsofaffin kwamfutoci. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na kan ganiyarsa. Yara su zauna cikin duhu suna fifita da littafi, in wuta ta dawo da ƙarfi sai caja ta ƙone. Iyaye kuwa addu'a suke biya da ita, ba sidi ba. Wata bakwai na rufe.

Ibrahim Nima: Ɗan'uwa, leƙa cibiyar fasaha ta Kumasi Hive a Kentinkrono, kusa da jami'arku. Ka ga yadda suke tafiyar da horo kafin ka kashe ko kwabo. A nan Akra akwai MEST tun 2008, amma su masu kafa kamfanin manhaja suke raino, ba ajin yara ba. Kuma ka gaya wa Hajiya, Patrick Awuah ma injiniya ne a Microsoft, ya dawo ya buɗe jami'ar Ashesi a 2002 da ɗalibai 30 a gidan haya.

Kawu Sule: Ibrahim, ka tsallake tsakiyar labarin. Da ya bar Microsoft sai da ya zauna a jami'ar Berkeley ya karanta kasuwanci. Musa, shekara 30 ina walda a Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci, bari in gaya maka abin da idona ke gani. Motocin yanzu kwamfuta ne da taya. Fitila ta kunnu a gaban direba, maigidan gareji mai yaran aiki goma ya tsaya yana sosa ƙeya, sai an kira mai na'urar bincike ya jona, ya karanta, ya karɓi kuɗinsa cikin minti goma. Masu wayarin ɗinmu da yawa ba su iya karanta abin da na'urar ke nunawa ba. Koya musu. Su za su biya ka, don washegari za su ci da shi. Kuɗin nan sai ya ɗauki ajin yaranka.

Yaya Ramatu: Da na sami wannan shawarar da ban rufe ba. Ƙari ɗaya: ka sa 'yan mata a ajin tun ranar farko. Regina Honu ta Soronko ta koya wa 'yan matan Nima rubuta manhaja, ba wanda ya ce abin ya fi ƙarfinsu. Kuma kar ka kama shago, nemi aron aji a makarantar unguwa.

Musa: Na gode ƙwarai. Kawu, na'urar binciken ban taɓa riƙe ta ba, sai a bidiyo.

Kawu Sule: To zo Magazin ranar Asabar bayan asuba, akwai yaron da ke da ita kusa da rumfata. Sa tsofaffin kaya. Maganar mahaifiyarka kuma bar mini, zan biya in gaishe ta ranar Juma'a.